Yadda Ake Zaɓen Gidan Cin Abincin Turawan Ingila a Birnin Landan

Da yawa daga cikin mutanenmu da ke zuwa Landan, ko don karatu, ko jinya, ko kasuwanci, sukan yi makonni suna cin shinkafa da kaza a shagunan Larabawa da 'yan Pakistan, har su koma gida ba su taɓa ɗanɗana abincin masu ƙasar ba. Dalilan da ke hana su guda uku ne: tsoron naman alade da giya, tsoron tsada, da kuma maganar da ta yaɗu cewa girkin Turawan Ingila lami ne, ba gishiri ba yaji. Dalilai biyun farko suna da tushe, amma ana iya magance su da sanin abin da za a tambaya da wurin da za a duba. Na ukun kuwa ya danganta da gidan da mutum ya faɗa, domin a titi ɗaya ana iya samun wanda ya iya girki da wanda yake ɗumama abin da aka dafa a masana'anta. Wannan bayani yana magana ne a kan Landan, amma yawancin abin da ke cikinsa zai yi wa mutum amfani a Manchester, Birmingham, Leeds ko Glasgow.

A fara da gane irin gidan

Kafin mutum ya duba suna ko farashi, ya kamata ya san cewa gidajen da ke sayar da abincin gargajiyar Birtaniya ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri yana da lokacinsa da tsarinsa da abin da ya ƙware a kai.

Mafi sauƙin shiga ga baƙo shi ne shagon soyayyen kifi da dankalin Turawa, abincin da suke kira fish and chips, wanda ake sayarwa a ƙasar tun wajajen 1860. Ana tsoma tsokar kifin teku a cikin kwaɓin fulawa, a soya a mai mai zurfi, a haɗa da dankali mai kauri, a barbaɗa gishiri, a yayyafa binega. A kudancin ƙasar an fi cin kifin da ake kira cod, a arewacin Ingila da Scotland kuma an fi son haddock. Wasu shagunan suna da tebura, wasu kuwa sai dai a naɗe wa mutum ya tafi da shi. Alamar shagon kirki ita ce a ce wa mutum ya jira 'yan mintuna a soya masa nasa, maimakon a ɗauko wanda ya daɗe a ƙarƙashin fitila har ɓawonsa ya yi laushi. Daren Juma'a ne aka fi cinikin wannan abinci, saboda haka a lokacin ne ake samun sabon suya, ko da yake sai an bi layi.

Sai kuma ƙananan shagunan karin kumallo na unguwa, inda direbobi da magina suke cin abinci tun da sassafe. Suna da arha, suna cika faranti, kuma yawancinsu suna rufewa kafin la'asar. Babban abincinsu shi ne karin kumallon Ingila, wanda ya ƙunshi ƙwai, wake a cikin miyar tumatir, gasasshen tumatir, burodi, da nau'o'in nama waɗanda a asali duk na alade ne.

Na uku ita ce mashaya, wadda suke kira pub. A nan ne mafi yawan Turawan Ingila suke cin abincin gargajiyarsu, musamman gashin ranar Lahadi. Tun daga 1991, lokacin da aka buɗe The Eagle a unguwar Clerkenwell, aka samu sabon salon mashaya da ta fi mayar da hankali kan girki fiye da abin sha, kuma wasu daga cikin irin waɗannan suna cikin wuraren da suka fi iya abinci a birnin. Duk da haka mashaya sunanta mashaya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama a inda giya ce babbar haja ba, ba shi da buƙatar ya tilasta wa kansa, domin duk abin da ake dafawa a can ana samunsa a wani wurin. Wanda kuma zai shiga, ya san cewa mashayu da yawa suna barin mutane su shigo da karnukansu su kwanta a ƙarƙashin tebur, kuma da yawa ba sa barin yara su zauna bayan dare ya fara yi.

Na huɗu su ne manyan gidajen abinci masu farin ƙyalle a tebur, irin su Rules da ke Maiden Lane a Covent Garden, wanda aka kafa a 1798 kuma ake ɗaukarsa a matsayin mafi tsufa a Landan. Irin waɗannan sun shahara da naman farauta da gasasshen naman sa da kayan zaƙi na gargajiya, kuma kuɗinsu yana da nauyi. A gefensu akwai shan shayin la'asar a manyan otal-otal kamar Ritz da Claridge's, ko a kantin Fortnum & Mason, inda ake kawo shayi da ƙananan yankan burodi da kek iri-iri. A Ritz ana buƙatar namiji ya sa kwat da nakatayi, saboda haka wanda yake so ya je da kaftani ko babbar riga ya kira ya tambaya tun kafin ranar.

Batun halal, wanda shi ne ya fi buƙatar natsuwa

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa kashi 15 cikin 100 na mazauna Landan Musulmi ne, saboda haka tambayar ko nama na halal ne ba baƙuwar tambaya ba ce ga ma'aikatan gidajen abinci, kuma babu wanda zai ga laifin mai yin ta. Matsalar ita ce amsar "e, kazarmu ta halal ce" ba ta warware komai ba tukuna, domin a girkin Ingila haramun yakan ɓuya ne a cikin mai, da romo, da kwaɓi, da kayan zaƙi.

Akwai ƙungiyoyi biyu da aka fi sani wajen ba da shaidar halal. Halal Monitoring Committee, wadda ake taƙaitawa da HMC, ba ta amincewa da naman dabbar da aka sumar kafin a yanka, kuma tana aika masu duba shagunan da ta ba takarda. Halal Food Authority, wato HFA, tana amincewa da wasu hanyoyin sumarwa muddin dabbar tana da rai a lokacin yanka. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, kamar yadda suka yi saɓani a kan yankan Ahlul Kitabi a irin waɗannan ƙasashe, kuma kowa zai bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Abin da ya shafi mai neman abinci shi ne ya san cewa kalmar halal da aka rubuta da Larabci a jikin gilashi ba takardar shaida ba ce, kowa yana iya liƙa ta. Idan gida yana da shaida ta gaskiya, yawanci yakan rataye ta kusa da wurin biyan kuɗi, da sunan ƙungiyar da kwanan wata. Haka kuma manyan kamfanoni masu rassa da yawa, kamar Nando's, wasu rassansu ne kawai suke sayar da kazar halal, don haka a duba reshen da za a je, kada a dogara da sunan kamfanin.

Hanya mafi sauƙi ga wanda yake son abincin Ingila na asali ba tare da dogon bincike ba ita ce ya nufi kifi. Birtaniya tsibiri ce, kifin tekunta yana da kyau, kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, abin da ke rayuwa a teku halal ne, har da ƙaguwa da jatan lande. Amma ko a shagon kifi akwai tambayoyi uku da bai kamata a tsallake ba. Ta farko, da wane mai ake suya, domin yawancin shagunan Landan suna amfani da man tsirrai, amma a arewacin Ingila, musamman yankin Yorkshire, al'ada ce a soya da kitsen sa, wanda ba a san yadda aka yanka shi ba. Ta biyu, ko an zuba giya a cikin kwaɓin fulawar, abin da mashayu da manyan gidaje suka fi yi, kuma sukan rubuta beer batter a takardar abinci. Ta uku, ko a cikin man da ake soya kifi da dankali ake soya sosej ɗin alade, domin kusan kowane shagon kifi yana sayar da shi. Shagunan da suka saba da Musulmi da masu ƙin cin nama sukan ware tukunyar suya daban, kuma za su faɗa idan an tambaya.

Gashin ranar Lahadi shi ne abincin da Turawan Ingila suka fi alfahari da shi, kuma ya cancanci a neme shi. Ana gasa babban yankin naman sa ko cinyar ɗan rago ko kaza a tanda, a yanka shi falle-falle, a haɗa da gasasshen dankali, karas, kabeji, da wani kumburarren gashin fulawa da ƙwai da madara mai suna Yorkshire pudding, sannan a kwarara romo mai kauri a kai. Naman rago ana ci da miyar na'a-na'a, na sa kuma da wani farin haɗi mai hawa hanci da ake kira horseradish. Ko da naman na halal ne, a tambayi romon, domin kuku da yawa suna zuba masa giyar inabi, a kuma tambayi dankalin, domin ana yawan gasa shi da kitsen agwagwa ko na dinya ko na sa. A unguwannin da Musulmi suke da yawa, kamar Whitechapel da kewayen Masallacin Gabashin Landan, akwai gidajen da suke yin wannan gashi da naman halal ba tare da giya ba, akwai kuma masu yin karin kumallon Ingila da sosej ɗin sa ko na kaza da yankan naman talotalo. A ganina nan ne ya fi dacewa baƙo ya fara, domin zai ci hankalinsa kwance, ya san ɗanɗanon abin kafin ya je inda sai ya yi tambayoyi.

Akwai sunayen da ya kamata mutum ya haddace domin ya kauce musu da zarar ya gan su a rubuce: bacon, ham, gammon, pork, lard, crackling, pancetta da chorizo duk alade ne, kuma sosej ɗin da ba a faɗi namansa ba a ɗauka na alade ne. Black pudding, duk da sunansa mai kama da na kayan zaƙi, da jini ake yin sa. Scotch egg dafaffen ƙwai ne da aka naɗe da niƙaƙƙen naman alade. A ɓangaren abincin da ake rufewa da ɓawon fulawa a gasa, steak and ale pie da giya ake dafa namansa, kuma ɓawon kansa wani lokaci da kitsen alade ake murza shi. Shepherd's pie niƙaƙƙen naman rago ne da aka lulluɓe da markaɗaɗɗen dankali, cottage pie kuma irinsa ne amma da naman sa.

Kayan zaƙi ma suna da nasu tarkon. Trifle na gargajiya ana jiƙa kek ɗinsa da giya, kek ɗin Kirsimeti ma haka, kuma duk wani abu mai santsi da ke karkarwa a faranti mai yiwuwa an daskarar da shi da jelatin, wanda galibi daga alade ake samo shi. Sticky toffee pudding, wanda ake yi da dabino, da apple crumble, wato gasasshen tuffa da aka rufe da dunƙulen fulawa da man shanu da sukari, su ne waɗanda yawanci ba su da matsala, ko da yake tambaya ba ta da wahala. Harafin V a gefen sunan abinci yana nufin babu nama ko kifi a ciki, VG ko Ve kuma yana nufin babu komai na dabba, har ƙwai da madara. Waɗannan alamu suna kawar da shakkar alade da jelatin, amma ba su ce komai game da giya ba.

Doka ta wajabta wa kowane gidan abinci ya iya faɗa wa mai ci ko akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya karɓa, kamar gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, kifi da alkama. Saboda wannan doka, yawancin gidaje suna da takarda mai ɗauke da bayanin kowane abinci, kuma mai kawo abinci ya saba komawa kicin ya tambayi kuku. Alade da giya ba sa cikin waɗannan 14, amma hanyar tambayar ɗaya ce. Yadda ma'aikaci ya karɓi tambayar ma wani ma'auni ne na gidan, domin wanda ya ce bari ya je ya tabbatar ya fi abin dogaro a kan wanda ya amsa nan take ba tare da ya yi tunani ba.

Tsabta

Hukumar kula da ingancin abinci, Food Standards Agency, tana da tsarin ba da maki daga 0 zuwa 5, kuma jami'an ƙaramar hukuma ne suke zuwa duba gidajen. Suna duba yadda ake sarrafa abinci da adana shi, da yanayin ginin da tsabtarsa, da yadda masu gidan suke kiyaye ƙa'idoji a rubuce. Maki 5 yana nufin tsabta ta yi kyau ƙwarai, 3 yana nufin ba laifi, 0 kuma yana nufin ana buƙatar gyara cikin gaggawa. Ana liƙa sakamakon a ƙofa ko taga a wata takarda mai launin kore da baƙi. A Wales tun 2013, da Ireland ta Arewa tun 2016, dole ne a liƙa ta, amma a Ingila ba dole ba ne, kuma wannan ya sa rashin ganinta a ƙofar gida a Landan ya zama abin lura, tunda wanda ya samu 5 ba ya ɓoyewa. Ana iya rubuta sunan gidan a shafin hukumar na intanet a ga makinsa da ranar da aka duba shi. A Scotland tsarin daban ne, ana rubuta cewa gida ya ci jarrabawa ko yana buƙatar gyara. Wannan maki ba ya auna daɗin abinci, yana dai rage yiwuwar mutum ya kwana da ciwon ciki a ƙasar da ba tasa ba.

Ra'ayoyin intanet da littattafan jagora

A 2017 wani ɗan jarida mai suna Oobah Butler ya yi rajistar rumfar da yake zaune a cikinta a unguwar Dulwich a matsayin gidan abinci, ya sa abokansa suka riƙa rubuta yabo na ƙarya, har wurin da bai taɓa sayar wa kowa abinci ba ya zama na ɗaya a cikin dubban gidajen abincin Landan a shafin TripAdvisor. Wannan ya isa ya nuna iyakar abin da yawan taurari a waya yake iya tabbatarwa. Ra'ayoyin suna da amfani idan an iya karanta su. A bar masu yabo da yawa da masu zagi da yawa, a karanta na tsakiya, a fi ba na watannin baya-bayan nan muhimmanci tunda kuku yana iya canzawa, a kuma lura da ƙorafin da mutane daban-daban suke ta maimaitawa. Hotunan da masu ci suka ɗauka da wayoyinsu sun fi na masu gidan faɗin gaskiya game da girman faranti.

Akwai jagorori masu aika mutanensu su ci a ɓoye. Kamfanin tayoyin mota na Faransa, Michelin, yana ba da tauraro ɗaya zuwa uku, kuma gidajen da suka samu suna da tsada, amma yana da wata lambar mai suna Bib Gourmand da yake ba gidajen da ke da girki mai kyau a farashi mai sauƙi, wadda ita ce ta fi amfani ga yawancin mutane. Ƙungiyar masu motoci ta AA tana ba da nata maki daga ɗaya zuwa biyar, sannan akwai The Good Food Guide da ke fitowa tun 1951. Babu ɗaya daga cikinsu da ya damu da halal, saboda haka bayan an samu sunan gida a wurinsu sai a koma ga tambayoyin da aka ambata.

Unguwa, lokaci da kuɗi

Gidajen da ke daf da wuraren da baƙi suke taruwa, kamar Leicester Square da Piccadilly Circus, suna biyan haya mai yawa, kuma sun san mafi yawan masu shigowa ba za su sake dawowa ba. Tafiyar minti goma a ƙafa zuwa cikin lungunan Soho, Bloomsbury ko Marylebone takan kai mutum inda abinci ya fi kyau a kuɗi ɗaya. Yadda ake gane mai tsiren kirki da ganin 'yan unguwa sun kewaye tukubarsa, haka ake gane gidan abinci a Landan: idan da rana ma'aikatan ofis da tsofaffin unguwa ne suka cika shi, akwai dalili. Gidan da ya ajiye mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa, ko wanda takardar abincinsa ta haɗa girkin ƙasashe biyar a shafuka goma, yawanci daga firji yake ɗauko abincinsa. Gajeriyar takarda mai canzawa da yanayin shekara ta fi nuna cewa ana girki a kicin ɗin.

Kusan kowane gida yana liƙa takardar abincinsa da farashi a bakin ƙofa ko a shafinsa na intanet, kuma babu kunya mutum ya tsaya ya karanta ya wuce. Farashin da aka rubuta ya riga ya haɗa da harajin kashi 20 cikin 100 da ake ɗora wa abincin da aka ci a zaune. Abin da ya kamata a duba shi ne ko babban abincin yana zuwa da dankali da ganye, ko kuwa sai an saye su daban, domin a manyan gidaje nan ne lissafi yake kumbura.

Wanda yake so ya ɗanɗana girkin babban gida ba tare da ya zubar da kuɗi da yawa ba, ya je da rana a ranakun aiki, lokacin da ake ba da zaɓaɓɓen abinci kashi biyu ko uku a farashi ɗaya mai rahusa. A yankin gidajen wasan kwaikwayo na West End kuma akwai irin wannan rangwame da yamma, daga misalin ƙarfe 5 zuwa 6 da rabi, domin masu son su ci kafin a fara wasa. Abincin rana yawanci daga ƙarfe 12 ne zuwa 2 da rabi, kuma gidaje da yawa suna rufe kicin tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare, abin da yakan ba wanda ya saba cin abinci bayan sallar isha'i mamaki, musamman a tsakiyar shekara da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9. Wasu ƙananan gidaje ba sa buɗewa ranar Litinin. Gashin Lahadi ana fara shi da tsakar rana, kuma idan ya ƙare ya ƙare, don haka wanda ya zo da la'asar sakaliya yana iya tarar da an cinye naman da yake so.

Kama tebur, zama da biya

A daren Juma'a da Asabar da ranar Lahadi, gidan da ya yi suna ba ya samuwa sai an kama tebur tun da wuri, ta waya ko ta manhaja irin su OpenTable. Da yawa suna karɓar lambar katin banki, kuma suna cire kuɗi idan mutum bai zo ba kuma bai sanar ba. Suna kuma ƙayyade lokacin zama, galibi awa ɗaya da rabi ko biyu, sannan idan an makara fiye da kwata ɗaya suna iya ba wani teburin. A wurin kama teburin akwai gurbin rubuta buƙata ta musamman, kuma nan ne ya fi dacewa a faɗi cewa ba a cin alade da giya, ko ana buƙatar kujerar yaro, ko za a zo da keken guragu, tunda tsofaffin gine-gine da yawa suna da matakala kuma bayan gidansu yana ƙarƙashin ƙasa. Idan ana da yawa, a faɗi adadin gaskiya, domin ba a ƙara kujera a tebur yadda aka ga dama.

Idan an shiga gidan abinci, a tsaya a bakin ƙofa har a nuna wa mutum wurin zama. A mashaya kuwa tsarin ya sha bamban: mutum yakan zaɓi teburinsa, ya duba lambarsa, ya je wurin kanta ya faɗi abin da yake so ya biya nan take. Ba a kiran ma'aikaci da tafi ko ɗaga murya ko kaɗa yatsu, ana haɗa ido da shi ne a ɗan ɗaga hannu. Duk gidan da ke da lasisin sayar da giya a Ingila, Wales da Scotland, doka ta tilasta masa ya ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema, amma sai an ce tap water, in ba haka ba za a kawo na kwalba a sa a lissafi. Turawa suna son naman sa da sauran ja a tsakiyarsa, saboda haka wanda yake son nasa ya dahu sosai ya ce well done tun lokacin da ake rubuta abin da yake so. Yaji kuwa ba a samunsa a irin wannan girki, sai masoro da mustad ɗin Ingila mai ƙarfi. Wanda ya zo da ƙullin yajinsa daga gida ya ajiye shi don kifin da zai saya ya tafi da shi masauki, a can ne zai yi masa amfani.

Ba a kawo takardar lissafi sai an nema. A Landan yawancin gidajen da ake kawo wa mutum abinci a tebur suna ƙara kashi 12.5 cikin 100 a matsayin ladan hidima, wato abincin fam 80 zai koma fam 90, kuma ya kamata a sa wannan a lissafi tun kafin a zauna. Idan an rubuta cewa na ganin dama ne, mutum yana da ikon ya ce a cire idan hidimar ba ta yi masa ba, kuma idan an riga an ƙara shi babu buƙatar wani tukuici a kai. Tun daga watan Oktoban 2024 doka ta wajabta a miƙa wa ma'aikata wannan kuɗi gaba ɗaya, ba tare da mai gida ya yanki wani abu ba. A shagon kifi da wurin kantar mashaya ba a saba ba da tukuici ba. Gidaje da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi, don haka a tabbatar katin da aka zo da shi yana aiki a ƙasar waje kafin a ci.

Idan abinci ya zo da sanyi, ko bai dahu ba, ko ba shi aka nema ba, a faɗa tun a loma ta farko. Mai kawo abinci yakan dawo bayan 'yan mintuna ya tambaya ko komai lafiya, kuma a lokacin ne ake canza faranti ko a cire shi daga lissafi ba tare da gardama ba, abin da yake da wuya bayan an cinye rabi. Idan kuma abin da aka gani ya shafi ƙazanta ko ya jawo rashin lafiya, ana kai ƙara ne ga sashen kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukumar da gidan yake ciki, kuma ana iya yin hakan ta shafin hukumar kula da ingancin abinci.